Kafin ka yi sha'awar murhun Amurka, duba abin da kake ƙonawa a ƙarƙashin kifinka



Yau ba maganar abinci ko 'ya'yan kifi zan yi ba, maganar wuta ce. Duk wanda ya kai tarwaɗa wata huɗu ko biyar ya san ranar da dillalai ke zuwa su taya kilo yadda suka ga dama, don sun san kifin kullum sai ya ci, kai kuma aljihu ya gaji. Mafitar da kowa zai ba ka ita ce banda: ka busar, ka ajiye, ka sayar lokacin da ka so. Shawara ce mai kyau. Sai dai in ka duba lissafin da sababbin masu kiwo ke yi, za ka ga kuɗin 'ya'ya, kuɗin abinci, man janareta, har leda da sitika, amma layin makamashi ko babu shi sam, ko an rubuta "itace" an sa wani ɗan adadi na jeka-na-yi-ka. Ni kuwa a ganina wannan layin ne ke yanke ko bandarka za ta shiga kantin zamani, ko za ta ƙare a faifan kasuwa ana taya ta da wulaƙanci.

Abin da ya taso da zancen shi ne murhun nan na Amurkawa da ake ta gani a YouTube da TikTok, wanda ake zuba masa felet ɗin itace, a danna maɓalli, a tafi a bar shi. Matasa da dama sun fara cewa ai shi ne maganin wahalar banda. Ra'ayina a taƙaice: kada ka saya don tarwaɗa. Amma yadda masu shi suke zaɓen abin da za su ƙona, wannan kam a sace shi.

Mu fara da shi kansa murhun. Wani mutumin jihar Oregon, Joe Traeger, shi ya ƙirƙiro shi a tsakiyar shekarun 1980, kuma har yau kamfanin Traeger na cikin manyan masu yin sa. Felet ɗin garin katako ne da aka matse da ƙarfin gaske har ya dunƙule. Kai da ka saba da abincin kifi, in ka gan shi sai ka ɗauka mai nutsewa ne na 6mm, don kaurinsu kusan ɗaya. Ana zuba shi a wani akwati a gefe, wani ƙarfe mai murɗi yana tura shi kaɗan-kaɗan zuwa ɗan kaskon wuta, fanka tana hura iska, na'ura kuma tana auna zafi tana ƙara ko rage turawar. In an rage wuta yakan ci kamar rabin kilo a awa, in an ƙure ta ya haura kilo ɗaya.

To ina matsalar? Na gida da ake tallatawa an yi shi ne don iyali su gasa nama su ci a ranar. Mu kuwa abin da muke nema kifi ya bushe ƙayau ya yi makonni bai yi fumfuna ba, kuma kilo 100 ko 200 muke magana, ba guda goma ba. Sannan ba ya aiki sai da lantarki. In aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, turawa ta tsaya, fanka ta tsaya, kifinka na kwance a cikin ɗumi yana lalacewa. Felet ɗin ma in daga waje za a kawo maka, da dala za ka biya itace. Kuma ba ya shiri da raɓa ko kaɗan: buhu ya sha iskar Agusta sai ya kumbura ya koma gari, ya toshe ƙarfen turawar. Wanda nake ganin zai iya cin riba da shi shi ne mai sayar da ƙyafaffiyar kaza ga masu hali a Abuja ko Kano, yana da sola, kuma farashin kaza ɗaya ya isa ya haɗiye kuɗin felet. Wannan wata sana'a ce daban.

Yanzu ga abin sata. A can, felet iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ɗumama ɗaki lokacin sanyi, mai arha, akwai na abinci. Da ido ba ka bambance su. Amma na ɗumama ɗaki ana iya yin sa da itace mai ƙaro irin su fain, ko da ragowar katakon da ba wanda ya ba ka tabbacin inda ya fito, don ba a yi shi da niyyar hayaƙinsa ya taɓa abinci ba. Saboda haka mai hankali a cikinsu, komai son arharsa, a cikin na abinci yake neman mai sauƙi. Kuma ko a nan sun gano cewa sunan da ke jikin buhu ba shi ne abin da ke ciki ba: buhu zai ce itacen tuffa ne, alhali yawancinsa wani itace ne mai arha, an ɗan surka da na tuffa, wani lokaci ma man ƙamshi aka zuba. Sai suka koma gwaji da hannu. Su karya ƙwaya su ji ko ta yi ƙas, su duba ko tana sheƙi, su ga yawan garin da ya taru a gindin buhu, bayan an gama su duba toka. Mai kyau tokarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana tambayoyinsu uku ne: daga ina ya fito, nawa ne ruwa a jikinsa, kuma awa nawa zai ci kafin ya ƙare. Farashin buhu shi ne na huɗu.

Mu a nan da na huɗun muke farawa, a nan kuma muke tsayawa.

Bari mu yi lissafin ruwa, don duk sana'ar banda fitar da ruwa ce. Ɗanyen tarwaɗa kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne. Ka ɗauki kilo 100, ka cire kayan ciki, ka busar sosai, abin da zai rage maka yana tsakanin kilo 25 da 30 da ɗoriya, ya danganta da girman kifin da yadda ka busar. Wato ka kori sama da lita 60 na ruwa, jarka mai lita 25 biyu da rabi. A takarda, zafin da ke cikin busasshen itace kamar kilo 10 ya isa ya ƙafar da wannan ruwan. Wanda ya taɓa banda a buɗaɗɗen duro zai yi dariya, don ya san ninkin-ba-ninkin hakan yake ƙonawa. Ina sauran ya tafi? Iska ta kwashe. Shi ya sa tun kafin ka fara cinikin itace, murfi da ƙofa da bangon da ke riƙe zafi sun fi ragin da mai itace zai yi maka.

Sai kuma ɗanyen itace, wanda shi ne babban tarkon arha. Itacen da aka sare bai daɗe ba, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka saye shi, ruwa ka saya a farashin itace, sannan wutar sai ta fara busar da itacen kafin ta waiwayi kifin. Kilo ɗaya na ɗanye bai wuce kusan rabin zafin da busasshe zai ba ka ba. A ce ɗaurin busasshe naira 1,500 ne, na ɗanye 1,000, misali kawai nake bayarwa. Kana ganin ka tsira da 500, alhali sai ka ƙona ɗauri biyu na ɗanyen kafin ka samu aikin ɗaya, ka biya 2,000 ke nan, ga ƙarin awanni, ga farin hayaƙi mai ɗaci yana lafta wa kifi baƙin maiƙo. Gwajinsa ba wuya: ka buga guda biyu da juna, busasshe yana ƙara, ɗanye yana yin dum, bakin busasshe a tsattsage yake, ɓawonsa na saki.

Abin da na fi so a gane shi ne wuta aiki biyu take yi a murhun banda, kuma ba dole ba ne abu ɗaya ya yi su duka. Akwai zafi, shi ke dafa kifi ya busar. Akwai hayaƙi, shi ke ba da launi da ƙamshi, ya kuma taimaka wajen hana lalacewa. Zafi ana buƙatarsa awanni masu yawa. Hayaƙi kuwa ɗan kaɗan ya isa, yawanci a farko lokacin da fatar kifin ke da sauran laushi tana kama shi. Wanda ya bar kifi cikin turnuƙu tun safe har dare bai ƙara masa daɗi ba, baƙi ya ƙara masa, da wani abu da ya fi baƙin muni.

A cikin hayaƙi, musamman in wuta na ci bal-bal ko kitsen kifi na ɗiga a kan garwashi, ana samun wasu sinadarai da ake kira PAH. Ɗaya daga cikinsu, benzo[a]pyrene, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Tarayyar Turai tun 2014 ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikirogiram 2 a kilo ɗaya na ƙyafaffen kifi, jimillar manyan guda huɗu kuma kada ta wuce 12. Maikirogiram fa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na san wani zai ce shi ba Turai zai kai ba. To ai abin ya fi kusa da haka: kifin nan 'ya'yanka ne za su fara ci, kuma matarka ko ƙanwarka ce za ta tsaya a bakin murhun tana shaƙa. Tarwaɗan kiwo kuma ya fi na kogi kitse, don haka matsalar ɗigar mai ta fi shafar mu.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan. Murhun Chorkor da aka fito da shi a Ghana a 1969 ya rage cin itace ƙwarai ta hanyar jera tire a kan tire, amma hayaƙin na bugun kifi kai tsaye. Daga baya hukumar FAO da wata cibiyar horar da masunta a Senegal suka fito da FTT-Thiaroye, wanda sirrinsa shi ne garwashi maimakon harshen wuta, da farantin tare kitse, da raba wurin yin hayaƙi da wurin kifi. A gida Najeriya, NSPRI mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano tana da nata murhun mai aiki da gawayi, haka NIOMR a Legas. Ko ba ka da kuɗin ɗaya daga cikinsu, farantin tare kitse kam kowane mai walda zai yi maka: falle ɗaya na ƙarfe a ɗan karkace tsakanin wuta da ragar farko, mai ya gangara gefe ya zuba a gwangwani.

To da me za a yi zafin, da me za a yi hayaƙin?

Zan fara da wanda na fi tsoro, wato dusar katako ta kasuwar 'yan katako, don ita ce ta fi komai arha, kuma mu masu kaji mun riga mun saba da masu sayar da ita. Shimfiɗa a ɗakin kaji daban, ƙonawa a ƙarƙashin abinci daban. Buhu ɗaya na sharar injin yanka zai iya haɗa garin katako mai kyau da na filawud da na allon nan na garin katako da ake haɗa kabad da shi, waɗanda duk gam ne ya riƙe su. Akwai katakon da aka shafa wa maganin gara, akwai wanda aka shafa wa baƙin mai, akwai mai fenti. Masu injin sare bishiya da yawa ma baƙin mai suke zuba wa sarƙa. Wannan shi ne daidai felet ɗin ɗumama ɗaki da Ba'amurke ke gudu, namu ma ya fi nasu hatsari. Ban ce a bar dusa gaba ɗaya ba. In kana da mai injin da ka sani, ka je da buhunka ranar da yake tsaga ɗanyen gungume iri ɗaya, ka tara da hannunka, ka shanya. Amma ta sharar ƙasa, ko kyauta aka ba ka, kai wa kaji. Wadda kaji suka riga suka kwana a kai kuwa taki ce, gona za ta.

Haka tsofaffin ƙofofi, guntayen kujeru, turakun lantarki, da katakon da ake ɗora kaya a kai a kwantena. Shi wannan na ƙarshen yakan zo da hatimi: in ka ga MB, an yi masa feshin gas mai guba; HT na nufin zafi kawai aka ba shi, amma ko shi ba ka san abin da ya zube a kansa a hanya ba. Tayar da wuta da leda ko guntun taya ko kananzir kuwa, ban ga amfanin tsayawa a kai ba. Kara da busasshiyar ciyawa sun isa.

Wajen hayaƙi, itace mai tauri wanda ba shi da ƙaro ko farin ruwa ake so. Marke da kirya duk mai girki ya san su, garwashinsu na daɗewa. Rassan mangwaro da gwaiba da lemo da aka sassabe aka bari suka bushe suna ba da ƙamshi mai laushi, kuma masu lambu sau da yawa neman mai kwashewa suke yi. Tunda ɗan kaɗan kake buƙata, ba sai ka sayi kura guda ba. Abin da zan guje wa: duk mai farin ruwa irin tumfafiya da tinya da cini-da-zugu, da masu ƙaro irin maje. Turare warinsa na bin kifi. Darbejiya ita ce ta fi samuwa a garuruwanmu. Ni dai in za a yi amfani da ita, na fi son a ƙona ta a waje ta zama garwashi sannan a shigar, ba ɓawo ba ganye. Ɗorawa da kaɗanya kuwa, duk wanda ya kawo maka su ɗanye ka san abin da aka yi: an sare daddawa da man kaɗe na shekaru don wutar kwana biyu. Kada kuɗinka ya zama dalilin saran na gaba.

Wajen zafi, gawayi ne ya fi tsafta, kuma kilo ɗayansa na ba da kusan ninki biyu na zafin busasshen itace. Amma a faɗi gaskiya, gawayi yana da nasa laifin. A irin ramin da ake yin sa a daji, sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye kafin a samu kilo ɗaya, kuma tun da gas ya yi tsada kowa ya koma kansa. Ga ha'incin buhu: manya a sama, gari da ƙasa a gindi, wani har yayyafa ruwa yake yi. In za ka saya, a juye buhun a gabanka.

Shi ya sa ni totuwar masara nake yi wa kamfe. Lokacin kaka a yankunan masara irin su Saminaka da Funtuwa da Giwa, tuli-tuli ake barin ta bayan an casa. Tana da zafi kusan na itace, tokarta kaɗan ce, hayaƙinta ba ɗaci. Aibinta saurin ci, don haka tana son murhu mai ƙofar da za ka iya rage iska, kuma tana cin wuri a sito. A ɗauki busasshiya wadda ba ta yi fumfuna ba. Ɓuntun shinkafa ma ga shi nan tsibi a Kura da Hadeja da Argungu, sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, a buɗaɗɗen murhu kuma turnuƙewa yake yi ba ya ci. Inda yake da amfani shi ne in an babbake shi, a daka, a kwaɓa da kunun rogo, a dunƙule, a shanya. Haka ɓawon gyaɗa, haka garin gawayin da ke gindin buhu. Wannan curin shi ne felet ɗinmu na gida.

Kuma tunda na ambaci haka: injin felet ɗin abincin kifi da ke gonarka ba zai yi felet ɗin itace ba. Abincin kifi sitaci ne ke haɗe shi. Katako sai matsi da zafi sun narkar da wani danƙo da ke cikin jikinsa kafin ya kama, kuma wannan yana buƙatar injin da aka ƙera don haka. Ka zuba dusa a naka, ko ta fito gari, ko ka ƙona mota.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da ake kawo min, kuma ba na raina ta. Ana cewa kasuwa baƙin kifi take so, dubi bandar Baga da ake lodi daga Maiduguri har Onica, wa ya taɓa tambayar da wane itace aka yi ta? Gaskiya ne, akwai mai sayen da in bai ga baƙi ba sai ya ce kifin bai ji wuta ba. Amma ka tambayi kanka ko za ka iya gasa a wannan layin. Masunci bai sayi abinci ba, kai kuwa kashi mafi tsoka na kuɗinka a abinci ya tafi. In ka kai kifinka inda ake sayen baƙi a kwali, da farashin wanda bai ciyar ba za a auna ka. Kasuwarka ita ce ma'aikaciyar da ke son kifi mai launin zuma a leda, ba yashi ba toka, ta jiƙa ta zuba a miya. Da mai gidan abinci. Da mai tafiya da ke son tsaraba. Su waɗannan, in kifi ya yi warin fenti sau ɗaya, ba za su yi maka ƙorafi ba, lambarka kawai za su daina kira. Kuma kifin da ya bushe har ciki ba ya neman fiya-fiya. Yawancin masu fesa wa banda magani, wuta ce ta yaudare su: ta yi yawa da farko, waje ya ƙame, ciki da ruwa, bayan kwana huɗu tsutsa ta fito.

In kana shirin bandar farko, kada ka ɗauki maganata ko ta mai itace. Ware kilo 10 na kifi sau biyu, girma ɗaya, gishiri ɗaya. Yi na farko da abin da maƙwabta ke amfani da shi, na biyu da garwashi ko totuwa da ɗan itacen hayaƙi. Auna makamashin a sikeli kafin ka kunna, ka auna abin da ya rage, ka rubuta awanni. Raba kuɗin da ka ƙona da kilon busasshen kifin da ya fito. Wannan adadin ne farashin wutarka, ba kuɗin ɗauri ba. Sannan ka ajiye guda uku-uku daga kowanne a kwali har sati biyu, ka karya ka shinshina, ka ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da ka faɗa musu wanne ne wanne ba.

Wanda ya zuba 'ya'ya a watan Yuni ko Yuli, girbinsa zai faɗo daidai lokacin casar masara, totuwa na arha, iskar hunturu kuma na taya shi bushewa. Wanda girbinsa zai faɗo tsakiyar damina kuwa, tun Fabrairu ko Maris ya kamata ya tara nasa, a ɗora a kan dutse ko katako, ba a ƙasa ba, a rufe sama, a bar gefe iska na shiga.